Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga limamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu na Karolina ta Arewa a kan tallafin korona na manoma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu limamai, da shugabannin ƙungiyoyinmu na 'yan Nijar da 'yan Najeriya da 'yan Gana mazauna wannan jiha, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Da yawanku kun san ni ko da ba ku riƙe sunana ba. Ni ne mai awakin nan da kuke tuƙo mota daga Greensboro ku zo gonarsa duk Babbar Salla, ku tsaya kuna taya ɗan akuya kamar a kara muke. Sau biyu ina ɗaga hannu a taronmu na bayan Juma'a don in yi wannan magana, sau biyu ana ce mini lokaci ya ƙure, a bari sai zama na gaba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ya karanta a lokacin da ya samu.

Abin da ya tayar da maganar, 'yata ce ta nuna mini a wayarta cewa kuɗin da gwamnatin Amurka take bai wa manoma ba a ɓoye yake ba. Akwai wata ƙungiya mai zaman kanta a Washington, EWG, da take tattara bayanan daga Ma'aikatar Noma ta jera su gunduma-gunduma: wane ya karɓa, nawa ya karɓa, a wace shekara. Muka buɗe na gundumarmu, muka duba na lokacin korona. A saman jerin sunayen manyan gonakin aladu da na shanu da na hatsi ne, irin waɗanda nake wuce rumbunansu na ƙarfe kullum a kan hanya. Na yi ta ja da yatsa har ya gaji. Na san aƙalla mutum bakwai namu da suke noma ko kiwo a gundumomin da ke kewaye da ni. Da na bi ɗaya bayan ɗaya na tambaye su, babu wanda ya ko cike fom ɗin sai ni, ni ɗin ma a makare.

Bari in fara da yadda aka yi rabon, domin na lura har yau wasunmu suna ɗaukarsa bashi ne.

A ranar 27 ga Maris 2020 aka sa hannu a kan babbar dokar agajin korona ta sama da dala tiriliyan 2. Daga cikinta aka ware wa manoma kaso. A ranar 17 ga Afrilu Ma'aikatar Noma, lokacin Sonny Perdue yana shugabantarta, ta sanar da shirin da suke kira CFAP: dala biliyan 16 za a zuba kai tsaye a asusun manoma, biliyan 3 kuma a sayi kayan gona a raba wa mabukata a kwali-kwali. Aka buɗe karɓar fom ranar 26 ga Mayu, aka rufe 11 ga Satumba. A Satumbar ne kuma aka sanar da zagaye na biyu, na har dala biliyan 14, daga 21 ga Satumba zuwa 11 ga Disamba. Kyauta ce. Ba a biya, ba ruwa a kanta, ba jingina. A shekarar 2020 kaɗai, idan aka haɗa wannan da sauran tallafi, abin da gwamnati ta biya manoma kai tsaye ya doshi dala biliyan 46.

Ba na cewa manoma ba su sha wuya ba. Duk wanda yake nan ya gani. An rufe gidajen abinci da makarantu, masu shanun tatsa suka riƙa tsiyayar da madara a ƙasa don babu mai ɗauka. Manyan mahauta suka tsaya saboda ma'aikata sun kamu, aladu suka yi girman yanka babu inda za a kai su, a Iowa da Minnesota har sai da aka riƙa kashe su ana binnewa. Asara ce ta gaske. Abin da nake so ku lura da shi shi ne mudun da aka auna asarar da shi.

A zagayen farko, yawanci sai kayan da farashinsa ya faɗi da kashi 5 cikin ɗari ko fiye tsakanin tsakiyar Janairu da tsakiyar Afrilu, kuma a kasuwannin da gwamnati take da lissafinsu. Ana biyan saniya da kai, madara da awo, masara da mudu. Mai shanu dubu ya karɓi na dubu, mai goma ya karɓi na goma. An ce kowa ba zai wuce dala 250,000 ba, amma idan gonar kamfani ce mai masu hannun jari uku da kowanne ya yi aikin awa 400 a shekara, iyakar sai ta koma 750,000. Akuya kuwa sam ba ta cikin jerin. Tunkiya ta shiga, akuya ba ta shiga ba. Na yi dariya da na ji, domin a ƙasarmu wa zai lissafa dabbobin gida ya tsallake akuya?

Ni kuma asarata ba a Janairu ta zo ba. A Janairu babu abin da nake sayarwa sai ƙwai. Tawa ta fara da azumi, ƙarshen Afrilu, lokacin da masallatai suke kulle babu buɗe-baki na jama'a. Bikin suna da ake yanka rago a tara mutum ɗari ya koma miji da mata da waya. Aure uku da aka riga aka ba ni kuɗin kafin alƙalami aka ɗage, na mayar wa mutane kuɗinsu. Babbar Salla ta faɗo ranar 31 ga Yuli, masu tuƙin haya da masu kitso da suke cinikina ba su da aiki wata huɗu, gida uku suka riƙa haɗuwa a kan dabba ɗaya. Awakin da ya kamata su tafi suka zauna suna cin ciyawar da nake saya dami-dami. Ga yakuwa da kuɓewa da gauta sun yi kyau a gona, shagunan Afirka da nake kai wa sun rage oda. Duk wannan babu ma'aunin da ya kama shi, domin cinikinmu a bakin shinge ake yinsa, hannu da hannu.

Labarin tallafin ma a bakin shingen na ji shi. Ina da maƙwabci, wani dattijo Bature mai shanu wajen sittin, kakansa ne ya sari gonar. Wata safiya a watan Oktoba ina gyaran waya inda wani bunsuru ya ɓalle, ya tsayar da motarsa ya leƙo ya ce, "Ka je ka yi rajistar zagaye na biyu kuwa? Yanzu sun sa awaki." Na ce zagayen me? Ya kashe mota ya sauko. Shi ya riga ya karɓi na farko tun cikin bazara, na biyu kuma dala 55 a kan kowace saniya, har ya ga alamar shigarsa a banki. Na ce masa yaya aka yi ya sani? Ya dube ni kamar na tambaye shi yaya ya san gari ya waye. Takardar ofishin manoma, wato reshen Ma'aikatar Noma na gunduma, tana zuwa gidansu tun yana yaro. Shi da matar da ke ɗaukar waya a ofishin, cocinsu ɗaya. Shi minti ashirin ya yi a waya, domin duk bayanansa suna cikin kwamfutarsu shekara da shekaru.

Ni kuwa da na kira, ofis a rufe yake saboda cutar, sai ta waya. Kwana huɗu ina barin saƙo. Da aka kira ni, matar ta nemi sunana a kwamfuta ba ta gani ba, ta ce in harrafa mata, na harrafa sau uku. Ba ta yi mini wulaƙanci ba, gaskiya ɗaya ce. Amma ni baƙo ne a littafinsu, shekara tara ina noma a gundumar. Aka turo mini fom har kashi biyar ko shida: na bayanin kai, na tsarin gonar, na kuɗin shiga, na kiyaye ƙasa da fadama, sannan na tallafin kansa.

A zagaye na biyu, masu awaki da kayan lambu ana biyansu ne bisa cinikin da suka yi a 2019. Wanda cinikinsa bai kai dala 50,000 ba, kashi 10.6 cikin ɗari ake ba shi. Kai ne za ka rubuta adadin ka sa hannu, ba sa neman rasit a lokacin, amma suna iya zuwa bincike daga baya, kuma idan ba ka da shaida za ka mayar da kuɗin, wataƙila har da hukunci. Daren nan muka zauna a teburin kicin ni da uwargida da 'yata. Na ɗauko gwangwanin biskit da nake tara takardu, da wani littafin makaranta da nake rubuta ciniki idan na tuna. "Alhaji mai tasi, bunsuru 1." Babu kwanan wata, babu farashi. Wani shafin ruwan sama ya cinye shi. A raina na san cinikina na 2019 ya kai dala 31,000. Abin da muka iya tabbatarwa da takardar banki da rasit dala 18,000 ne. Uwargida ta ce rubuta abin da za ka iya nunawa ka yi barci lafiya. Na rubuta 18,000, aka ba ni dala 1,908. Da na riƙe lissafi yadda ya kamata, da 3,286 ne. Bambancin ya isa ciyawar rabin hunturu. Wannan ba laifin kowa ba ne sai nawa.

To amma kada in ɗora wa kaina duka. Littafin nan da ba ni a ciki yana da tarihi, kuma tarihin a jiharmu ya fi ƙarfi. A 1920 manoma baƙar fata a Amurka sun haura 900,000. A ƙidayar gonaki ta 2017 ba su kai 50,000 ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne waɗannan ofisoshi na gunduma da kwamitocinsu, inda shekara da shekaru ake jinkirta wa baƙar fata bashin noma har lokacin shuka ya wuce, ko a hana shi gaba ɗaya. Timothy Pigford, wanda shahararriyar ƙarar nan ta manoma baƙar fata take ɗauke da sunansa, manomin Karolina ta Arewa ne, kuma a 1999 gwamnati ta yarda aka yi sulhu ta biya diyya. Wanda aka hana kakansa ya faɗaɗa gona, yau shi yana da eka ashirin, kuma idan rabo ya zo da eka, na ashirin zai samu. Ba sai wani ya zauna ya ƙulla mugunta ba, ma'aunin da kansa yana ɗauke da tsohon zalunci. Tom Vilsack, wanda ya karɓi Ma'aikatar Noma a 2021, da bakinsa ya faɗa cewa abin da ya kai ga manoma baƙar fata daga tallafin koronar nan kashi 0.1 ne cikin ɗari. Ba ɗan adawa ba ne ya faɗa, mai riƙe da ma'aikatar ne.

An yi yunƙurin gyara. A Maris 2021 majalisa ta ware kusan dala biliyan 4 don yafe wa manoma marasa rinjaye basussukansu na gwamnati. Wasu manoma farar fata suka kai ƙara cewa wariya ce, kotuna suka dakatar da shi a watan Yuni kafin kuɗin ya fita, a 2022 aka soke shi aka kawo wani a madadinsa. An kuma sake buɗe zagaye na biyu na tallafin daga 5 ga Afrilu 2021, aka bar shi a buɗe har 12 ga Oktoba, da niyyar a kai ga waɗanda aka tsallake. Wata shida ƙofa a buɗe. Ranku ya daɗe, a nan ne maganata take komowa kanku.

A cikin wata shidan nan an yi Juma'a sama da ashirin. An yi sanarwar rasuwa, da ta aure, da ta gudummawar gyaran rufin masallaci, da ta kuɗin kai gawa gida. Duk sun cancanta. Amma ban ji sau ɗaya an ce, jama'a, duk mai noma ko kiwo ya tsaya bayan salla akwai magana ba. Na faɗa wa waɗanda na iya faɗa wa, sai dai maganar mai awaki ba ɗaya take da maganar liman ba. Ku ji amsoshin da na samu.

Wani ya ce shi ba ya cin riba. Ya haɗa shi da bashin ƙananan sana'o'i da aka yi ta bayarwa a lokacin, wanda idan ba a yafe maka ba akwai ruwa a kansa. Na rantse masa wannan daban ne, ya ce sai ya ji daga bakin malam. Malam kuwa ba wanda ya kai masa tambayar, shi ma bai san da shirin ba.

Wani ya ce yana jiran takardar zama ɗan ƙasa, ba zai taɓa kuɗin gwamnati ba. Kun tuna a Fabrairun 2020 aka fara aiki da ƙa'idar nan da ta ce wanda ya dogara da agajin gwamnati za a iya hana shi katin zama, tsoro ya shiga kowane gida. Ƙa'idar ta lissafa abubuwan da take nufi, irin su katin abinci da tallafin haya da wani ɓangare na inshorar lafiya. Tallafin noma ba ya ciki, kuma mai katin zama na dindindin yana da damar nema kamar ɗan ƙasa. Lauya ɗaya da zai tsaya minti goma a gaban jama'a ya isa ya kashe wannan tsoro. Muna da lauyoyi a cikin 'ya'yanmu.

Na uku shi ne ya fi ba ni tausayi. Ya ce, "Malam, irin wannan rabo ai sai wanda ya san wani." Ban ga laifinsa ba. Mun taso muna ganin takin gwamnati yana ƙarewa a gidan kansila, kuma a Oktoban 2020 ɗin nan duk mun kalli bidiyon mutane suna fasa rumbunan kayan tallafin korona a Jos da wasu garuruwa. Wanda ya ga haka ba zai yarda fom kawai zai kawo kuɗi ba. Amma a nan na ga abin da idona: ban san kowa ba, na cike, ya shigo. Sanayyar da take aiki a nan ita ce sunanka ya riga ya shiga littafi kafin ranar rabo.

Wata baiwar Allah kuma, wadda take noman yakuwa da alayyafo a eka biyu na aro, ta ce ita ai ba manomiya ba ce, lambu kawai take yi. A lissafin Ma'aikatar Noma, duk wurin da yake fitar da kayan sayarwa na dala 1,000 a shekara gona ne. Ita tana yin ninkin wannan sau da yawa daga zoɓo kaɗai.

Ban manta da 'yan'uwanmu da ke aiki a masana'antun yankan kaji ba, waɗanda suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a kan layi lokacin da kowa yake ɓoye a gida, bayan shugaban ƙasa ya ba da umarni a ƙarshen Afrilu 2020 cewa mahauta su ci gaba da aiki. Su abin da aka ware musu daga baya dala 600 ne kowane mutum, shi ma ta hannun ƙungiyoyi, kuma ban san mutum nawa namu suka ji labarinsa ba. Wannan magana ce ta wata rana.

Korona ta wuce, kuɗinta ya ƙare, ba ina kuka a kan abin da ya zube ba ne. Amma jihar nan ba ta rabuwa da guguwa da ambaliya, ga murar tsuntsaye tana yawo, kuma duk lokacin da aka yi bala'i ta wannan ofishin dai ake biyan manoma, da wannan littafin dai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da nake roƙo. Ku sa a rubuta sunan duk wanda yake noma ko kiwo a cikinmu, ko kaji hamsin ne, ko gonar aro ce. Ku ware Asabar ɗaya, matasanmu masu Turanci da kwamfuta su zauna da su a cike takardun shiga, kowa ya je ofishin manoma na gundumarsa ya karɓi lambar gona. Kyauta ne, kuma mai haya ma yana iya yi idan yana da takardar hayar. Ku gayyato malaman gona na jami'ar A&T da ke nan Greensboro, aikinsu ke nan taimakon ƙananan manoma, su koya mana riƙe lissafi. Ku kuma masu saye, idan kun zo gona na miƙo muku rasit kada ku ce, "Haba Alhaji, tsakaninmu har da takarda?" Takardar nan ba rashin yarda ba ce, ita ce shaidata. Limamai kuma, don Allah ku zauna da wanda ya san shirye-shiryen nan ku rarrabe mana wanne ne kyauta, wanne ne bashi mai ruwa, tun kafin a buƙace su.

Na ƙarshe ya fi nauyi. Kowane ofishin manoma na gunduma yana da kwamiti na mutum uku zuwa goma sha ɗaya, manoman yankin ne suke zaɓensu, wa'adin shekara uku. Su ne suke duba yadda ake tafiyar da shirye-shiryen a gundumar, su ake kai wa ƙorafi. Ana karɓar sunayen 'yan takara daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Agusta, a aiko da ƙuri'a ta gidan waya a Nuwamba. Maƙwabcina ya ce mini yawanci mutane ƙalilan ne suke damuwa su mayar da ƙuri'ar. Mu kaɗai ba mu da yawan da za mu ci, amma akwai manoma baƙar fata 'yan asalin nan da suka riga mu shan wannan wuya, akwai 'yan Meksiko, akwai 'yan Asiya masu gidajen kaji. Idan shugabanninmu suka je suka gaishe su aka zauna, kujera ɗaya ba ta fi ƙarfinmu ba. Wanda ba shi da suna a ofishin kuwa ko ƙuri'ar ba za a aiko masa ba.

Idan wurin zama ne matsala, rumfar gonata tana ɗaukar mutum talatin, kuma akwai wuta da intanet. Ku sa rana kafin Yuni ku aiko mini. Ni zan yanka ɗan akuya, kowa ya zo da gwangwanin takardunsa.

Wassalam.

Ɗanku kuma ƙaninku,
Mai awaki na bakin hanya